Tan Biyu A Kan Bulo Ɗaya: Nasiha Ga Iyalan Kanikawa Da Masu Mota

Yau za mu ɗan jingine zancen hawan jini da ciwon suga, mu leƙa gareji, domin akwai wata hanyar zuwa gadon asibiti da ke farawa daga can, kuma toshe ta ya fi sauƙi a kan toshe yawancin cututtukan da muka saba tattaunawa.

Mai karatu, idan ka biyo titin Zariya daga Dangi ka nufi Unguwa Uku, ko ka kutsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da wuya ka rasa ganin mota a ɗage, an cire mata taya, ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashinta. Idanunmu sun saba da wannan har ba ma kallonsa sau biyu. Amma ka daure wata rana ka sunkuya ka duba abin da ke riƙe da motar. Sau da yawa jak ne guda ɗaya tilo, ko bulon siminti, ko duwatsu da aka ɗora wani kan wani. Mutumin da ke kwance a wurin kuwa mijin wata ne, ko ɗan wata da aka kai koyon sana'a bara.

Ra'ayina a wannan magana a fili yake. Bai dace wani ɗan Adam ya sa kansa ko ƙirjinsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ko bulo ke riƙe da ita ba, ko da na minti ɗaya ne. Kuma hana faruwar haka bai rataya a wuyan bakanike shi kaɗai ba. Mai motar da ke tsaye yana duba agogo yana da nasa kason, haka uban da ya kai ɗansa garejin, haka matar da ke jiran dawowar maigidanta da magariba.

Nauyin da ake magana a kansa

Motar a-kori-kura irin su Hilux, waɗanda 'yan kasuwa da manoma da ma'aikatu ke ji da su, nauyinta ba tare da kaya ba yana kusan tan biyu. Tan biyu kilo 2,000 ke nan, wato buhun siminti 40 mai cin kilo 50. Ka ƙiyasta a ranka an ɗaure buhu arba'in wuri guda, an rataye su taƙi biyu a saman ƙirjinka. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan nauyi ne ya sauko, buhu goma ke nan a kan haƙarƙarin da bai fi kaurin yatsa ba.

Irin waɗannan motoci suna da tsayi, wasu kuma ana ƙara musu tsayin da gangan, a ƙara sifirin ko a sa manyan tayoyi saboda hanyoyin ƙauye da lodi. Duk lokacin da mota ta ƙara nisa da ƙasa, sai jak ya miƙe har kusan ƙarshensa kafin taya ta ɗaga, ko kuma a yi masa ciko da katako da dutse a ƙasa. Abu mai tsawo da siririn gindi kuwa kowa ya san bai da wuyar tuntsurewa. Saboda haka tsayin da ke sa bakanike ya ji yana da sarari a ƙarƙashin motar, shi ne kuma ke ƙara mata saurin karkata.

Jak na ɗagawa ne kawai

Jak mai amfani da mai, wanda ake bugawa da hannu, yana ɗaga nauyi ne ta hanyar matse mai a cikin wani bututun ƙarfe. Abin da ke hana man nan komawa baya shi ne wasu 'yan zobban roba da wani ɗan ƙaramin makulli. Robar tana tsufa, zafi yana busar da ita, ƙura da yashi suna cinye ta. Ranar da ta fashe, ko wani ya taɓa makullin da ƙafa bisa kuskure, motar za ta sauko, wani lokaci a hankali yadda wanda ke ƙasa ba zai lura ba sai ya ji ta a ƙirjinsa, wani lokaci kuma a ƙiftawar ido.

Shi kuwa ƙaramin jak mai zare da ke zuwa tare da mota, an ƙera shi ne don sauya taya a bakin hanya, aikin da mutum ke yi yana tsugune a gefe. Kansa ƙarami ne, gindinsa ƙarami ne. Da an girgiza motar sai ya zame. Wannan ya sa littattafan da kamfanonin mota ke haɗawa da motocinsu suke gargaɗin kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, haka ma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya take faɗa wa masu gareji a can. Waɗanda suka ƙera abin da hannunsu ba su yarda su ba shi amanar ransu ba.

Bulo, dutse da ƙasar da aka tsaya a kai

Da yawa daga cikin kanikawanmu sun san jak ba abin dogaro ba ne, sai su tura bulo ƙarƙashin motar su ce an tokare. A nan ma akwai gyara. Bulon gini yashi ne da siminti, cikinsa rami, kuma ƙarfinsa yana bayyana ne idan an jera shi a bango nauyi ya bazu a kansa gaba ɗaya. Idan aka ɗora masa bakin ƙarfe a wuri guda, musamman in an kwantar da shi ramukansa na kallon gefe, to tsagewa zai yi. Katako idan ya gaji yakan yi ƙara, ƙarfe yakan lanƙwashe, amma bulo ba ya ba da sanarwa. Yanzu yana tsaye, yanzu ya zama gari. Ga shi kuma duk wanda ya taɓa gini a Kano ya san akwai bulon da ko daga mota aka sauke shi da ƙarfi sai ya rabe biyu. Duwatsun da aka jera kuwa ba su da shimfiɗaɗɗiyar fuska, ɗaya yana zamewa a kan ɗaya.

Sai kuma ƙasar kanta. Galibin garejin bakin titi ba su da daɓen kankare. Ƙasa ce da ta sha baƙin mai shekara da shekaru. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa a Kano, ƙasar tana yin laushi, gindin jak ko matokari ya riƙa nutsewa ta gefe ɗaya. Da bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, kwalta ma takan yi taushi ƙarƙashin ƙarfe mai kaifin baki. Idan garejin yana gab da babban titi, duk tirelar da ta wuce tana girgiza ƙasar. Motar da aka ɗaga da hantsi tana tsaye daram, kafin la'asar ta iya karkata ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Dalilin da ya sa aikin aksil ya fi haɗari

Akwai abubuwa uku da ya kamata iyalai da masu mota su fahimta, ko da ba su taɓa riƙe sifana ba.

Na farko, birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa. Da zarar an ɗaga bayan mota, birkin hannu ba shi da sauran amfani, tayoyin gaba kuma a sake suke. Haka nan barin mota a cikin giya yana hana ta gangarawa ne ta hanyar farfela, doguwar sandar nan da ke kai juyi daga giya zuwa aksil na baya. Idan aka kwance farfela, alaƙar ta yanke. Mota tana iya gangarowa ta taka bakanike ko da tayoyinta huɗu suna ƙasa, in dai wurin yana da ɗan gangare kuma ba a sa weji ba.

Na biyu, wanda zai sauke aksil ba zai tokare motar a kan aksil ɗin ba, tunda shi za a cire. Dole matokaran su zauna ƙarƙashin shasi, wato ƙarfen nan biyu masu kauri da gangar motar ke zaune a kansu. Shi kuma aksil yana bukatar nasa jak ko matokari daban, domin nauyinsa shi kaɗai ya isa ya karya cinya ko ya niƙe hannu. Kuma da an sauke shi, nauyin motar yakan koma gaba, daidaiton da ake da shi ɗazu ya sauya.

Na uku, notin ƙarƙashin mota tsatsa ta cinye shi. Kafin ya kwance sai an sa dogon bututu a bakin sifana, an ja da iya ƙarfi, ko an buga da guduma. Wannan ja da bugun gefe suke tura motar, alhali jak ƙarfinsa na sama da ƙasa ne. A daidai lokacin da noti ya saki, mota takan yi tsalle kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan ya isa.

Abin da ke samun jikin mutum

Idan nauyi ya sauka a ƙirji, abu na farko da ke tsayawa shi ne numfashi. Huhu ba ya jan iska sai ƙirji ya buɗe. Mutumin yana farke, yana ji yana gani, amma ba shi da iskar da zai yi ihu da ita. Wannan ne ya sa ake iya danne mutum a tsakiyar gareji cike da jama'a, ga ƙarar janareta da guduma, ba wanda ya ankara. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba tare da iska ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya, maƙwabcin mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ne. Duk da wannan kusanci, minti shida ba su isa a ɗaga mota, a fito da mutum, a ratsa cunkoso, a kai shi hannun likita ba.

Idan a ciki ko ƙugu nauyin ya sauka, hanta ko saifa na iya fashewa, ƙashin ƙugu na iya karyewa, jini ya riƙa zuba a ciki ba a ganin ko ɗigo a waje. Mutum zai iya tashi zaune yana magana, yana cewa ba komai, bayan awa ɗaya ya fara gumi mai sanyi ya suma. Idan kuma gadon baya ne, lakar da ke cikinsa in ta yanke ba ta haɗuwa. Saurayi mai shekara ashirin zai iya rasa tafiya da riƙe fitsari da bayan gida har ƙarshen rayuwarsa, ya koma hannun mahaifiyar da ya fita nema don ya hutar da ita.

Akwai kuma wata illa da ke zuwa a makare. Tsokar da aka danne ta daɗe tana mutuwa, ta saki wasu sinadarai cikin jini. Ɗaya daga cikinsu yana toshe ƙoda, wani kuma, fotashiyam, idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya. Wani likita a Landan mai suna Eric Bywaters ya yi bayanin wannan a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan ya lura da mutanen da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gine-ginen da bama-bamai suka rushe: sun fito da ransu, kamar sun tsira, bayan 'yan kwanaki ƙodarsu ta daina aiki. Alamar da iyali za su lura da ita ita ce fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai. Wanda ya kai wannan mataki yakan bukaci wankin ƙoda, kuma duk gidan da ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san abin da hakan ke yi wa aljihu.

Yadda ake tokare mota

Matakan ba su da wuya, kuma ko wanda bai san gyaran mota ba zai iya tantance ko an bi su.

A sauke kayan da ke bayan motar, a fitar da kowa daga ciki, a kashe inji, a zare makulli. A tsayar da ita a wuri mai tauri wanda ba gangare. In ƙasar mai laushi ce, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ko faifan ƙarfe a ƙarƙashin jak da matokarai. A sa weji gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. A ɗaga da jak, sannan a sa matokaran ƙarfe masu faɗin gindi, biyu-biyu, tsayinsu ɗaya, ƙarƙashin shasi, a sauke nauyin motar a kansu a hankali. A duba adadin nauyin da aka rubuta a jikinsu, a kuma sani cewa sau da yawa adadin na guda biyun ne a haɗe. Bayan haka a tsaya a gefe a girgiza motar da ƙarfi. In za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu da babu kowa a ƙasa.

Daga nan sai a ƙara mata kariya ta biyu. Tayar da aka cire, da wilinta, a kwantar da ita ƙarƙashin shasi. A bar jak ɗin yana taɓa ƙarfen. Dalilin kariya ta biyu shi ne matokari ma aikin hannun mutum ne. A 2020 wani babban kamfanin sayar da kayan aiki a Amurka, Harbor Freight, ya janye matokaran mota sama da miliyan ɗaya da rabi daga kasuwa, saboda haƙorin da ke riƙe su yana iya suɓucewa. Idan na kanti a Amurka ya iya gazawa, to wanda mai walda ya haɗa da siririn ƙarfe, aka sa guntun rodi a matsayin fil, ya fi cancantar a bincike shi kullum kafin a yi amfani da shi. Abu na ƙarshe, kada mutum ya shiga ƙasan mota ba tare da wani yana kusa yana ganinsa ba.

Uzurorin da za ka ji

Za a ce maka kayan suna da tsada. Gaskiya ne kanikawanmu ba a cikin yalwa suke ba, kuma rayuwa ta yi tsanani. Amma matokarai huɗu ana sayensu ne sau ɗaya su yi shekaru, ana samunsu a wurin masu kayan mota irin na Ƙofar Ruwa, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin tiyata guda ɗaya ba. Wanda bai da hali yanzu, gumagumen katako mai tauri, masu faɗi, waɗanda ba su tsage ba, in aka jera su a giciye, sun fi bulo nesa ba kusa ba. Gareji biyu ko uku da ke jere suna iya haɗa kuɗi su saya tare, kamar yadda suke aron sifana a tsakaninsu.

Za a ce maka: shekara talatin muna yi a haka, ba abin da ya faru. Wannan ma tana iya zama gaskiya, domin jak ba kullum yake saki ba. Sai dai masu faɗin haka su ne waɗanda suka rayu suka ba da labari. Wanda jak ya saki a kansa ba ya cikin masu zaman hira a bakin gareji. Ƙwarewar hannu kuma ba ta da iko a kan robar da ta tsufa a cikin bututu.

Za a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma mai faɗin haka yana kulle garejinsa da kwaɗo idan zai tashi, yana duba hagu da dama kafin ya tsallaka titin Zariya, kuma ba ya yarda ya ba mai mota motarsa birki bai kama ba. Bin sababi bai taɓa zama rashin tawakkali ba, kuma jiki amana ne a hannun mai shi.

Za a ce maka aikin minti biyu ne. Sa matokarai ma minti biyar ne. Gaggawa kuwa sau da yawa daga mai motar take fitowa, shi ya sa na ce yana da kaso a ciki.

Idan abin ya auku

Kowane gida da ke da bakanike ya kamata ya san waɗannan, ya kuma koya wa yaran gareji.

A ɗage motar nan take, da wani jak ko da taron jama'a, wani kuma ya riƙa tura tokari yayin da take ɗaguwa don kada ta sake komowa. Kada a ja mutumin da ƙafa alhali nauyi yana kansa. A lokaci guda wani ya kira lambar gaggawa 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Idan ya fito ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo.

Idan yana numfashi, a ɗauka cewa bayansa ko wuyansa ya karye har sai likita ya ce a'a. Kada a zaunar da shi, kada a miƙar da shi tsaye don a gwada ƙafarsa, kada a naɗe shi a cusa cikin A-daidaita-sahu. A samu ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya, ɗaya yana riƙe da kansa daidai da gangar jikinsa, a shimfiɗa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsafta. Kada a zuba man birki ko baƙin mai ko fetur a kan rauni kamar yadda wasu suka saba, domin suna ƙona nama ne su ƙara masa datti. Kada a ba shi abinci ko abin sha, saboda ana iya bukatar yi masa tiyata. Kada a saya masa magungunan kashe raɗaɗi irin su diklofenak da ibuprofen, domin suna ƙara wa ƙodar da ke cikin haɗari wahala.

A kai shi sashen gaggawa ko da ya rantse ya warke, a kuma gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi a danne da inda nauyin ya sauka. Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da Asibitin Malam Aminu Kano a kusa, ga Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a cikin gari, ga Asibitin Ƙashi na Dala. Ku sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowace cibiyar lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa. Game da masu ɗorin gargajiya kuwa, na san matsayinsu a zukatan mutanenmu, amma gaɓar da aka danne tana kumbura daga ciki, ɗaure ta tamau da karare yana iya tsayar da jini har ta ruɓe a yanke ta, kuma mai ɗori ba ya ganin jinin da ke zuba a ciki. Bayan an sallamo majinyaci, idan aka ga fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, ko ciwon gaɓar yana ƙaruwa, ko ta yi sanyi ta mutu, ko cikinsa yana kumbura, a mayar da shi asibiti a wannan sa'ar.

Kason kowa

Ya kai uba, kafin ka danƙa ɗanka ga maigidan gareji, ka je ka ga wurin da idonka. Ka tambaya cikin girmamawa: Malam, da me kuke tokare mota? Ka tuna cewa yaron da ya fi ƙanƙanta shi ake turawa ƙarƙashi, saboda jikinsa ya fi shiga, kuma tarbiyyar da ka ba shi ba za ta bar shi ya yi wa maigidansa musu ba. Kai ne bakinsa. Ke kuma uwa, da ke uwargida, ba sai kin san sunan ƙarfe ko ɗaya ba. Ki tambaye shi da dare: yau da ka shiga ƙasan mota, me ke riƙe da ita? Idan ana shirin yi wa yaro sayayyar yaye daga koyon sana'a, a sa matokarai a cikin jerin kayan, tare da akwatin sifana.

Alhaji mai mota, idan ka kai a-kori-kurarka gyara, ka sauke lodinta tukuna, ka kuma ce ba ka yarda kowa ya shiga ƙarƙashinta ba sai an tokare. Ka ba su lokacin. Idan ka ga garejin da ke kiyaye wannan, ka riƙe shi, ka kai masa abokanka, domin kasuwa tana gyara abin da wa'azi bai gyara ba. Maigidan gareji kuma, yaran nan amana ce iyayensu suka ba ka, kuma abin da suka ga kana yi shi za su koya wa nasu yaran nan da shekara goma.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa da shugabanni da ake jin maganarsu. A ganina tana da ikon mayar da mallakar matokarai da weji sharaɗi ga duk wanda zai ɗauki ɗan koyo, ta kuma gayyaci ma'aikatan lafiya su koyar da taimakon farko a taronta. Ƙaramar hukumar Tarauni da gwamnatin jiha, duk lokacin da za su ware wa kanikawa fili, ya kamata daɓen kankare da ramin gyara su shiga cikin tsarin. Akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, sai dai tsarin ya fi isa ga ma'aikatan kamfanoni da ofisoshi. Bakanike na bakin titi in ya nakasa, nauyin jinya da ciyarwa kan iyalinsa yake komawa. Wannan kaɗai ya isa ya ba iyali damar sa baki tun kafin a kai ga nan.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya karanta wannan, ya isar da shi ga ɗan'uwa ko maƙwabcin da ke wannan sana'a mai albarka, ya karanta masa in bai iya karatu ba. Allah Ya tsare masu nema a wuraren nemansu, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.